Mota Da Mai Ita: An Buge Ka A Hanya, An Kuma Buge Ka A Ofis

Yau filin namu zai taɓo wani kuka ne da masu motoci su ke yawan yi, musamman mazauna manyan garuruwa irin su Ikko da Badun da Fatakwal da Abuja, inda da wuya mota ta shekara ba a goge ta ba. Kukan kuwa shi ne, mutum yana tsaye a danja yana jiran a ba shi hannu, ko kuwa ya ajiye motarsa a bakin kasuwa ya shiga sayayya, sai wani ya zo ya rafke ta ta baya. Kowa ya shaida ba shi da laifi, har shi wanda ya yi ɓarnar bai musa ba. Kamfanin inshora ya gyara mota. Shekara ta zagayo, mai mota ya tafi sabunta takardarsa, sai ya tarar kuɗin ya ɗara na bara nesa ba kusa ba. In ya tambayi dalili a ce masa, ai ka nemi diyya. Ya ce, to ai ba ni ne da laifi ba. A ce masa haka tsarin ya ke, Alhaji.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kalmar nan "laifi" ma'anarta a bakin jama'a dabam, a littafin kamfani dabam. A wurinmu mai laifi shi ne wanda ya yi gudun wuce sa'a, ko ya ƙi taka birki, ko ya shigo hannun da ba nasa ba. Akawun kamfani kuwa ba ya nan aka yi abin, bai kuwa damu da wanda ya fi wani gaskiya ba. Tambayarsa guda ce tak: kuɗin da muka fitar muka gyara motar nan, sun dawo ko ba su dawo ba? In kamfaninka ya karɓo kuɗinsa kaf daga wanda ya buge ka, ko daga kamfanin da ya tsaya masa, sai a rubuta hatsarin a layin marasa laifi. In kuwa kuɗin ba su dawo ba, to a layin masu laifi za a sa ka, ko da kana barci a gida aka buge motar. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar.

Amma kafin mu yi nisa, bari mu raba tsaki da tsakuwa, don ba kowane mai mota ne abin ya shafa ba. Inshorar mota da aka fi sani iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai ƙarama, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945, zamanin Turawa, wadda kuma har yanzu wajibi ce ƙarƙashin sabuwar dokar inshora da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin 2025. Ita wannan ba ta gyara maka mota, ɓarnar da ka yi wa wani kawai ta ke biya. Kuɗinta kuwa ba kamfani ke yankawa ba, hukumar kula da inshora ta ƙasa ce, watau NAICOM. Tun daga ran 1 ga Janairu 2023 hukumar ta mai da kuɗin motar gida naira 15,000 a shekara maimakon naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000, iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur naira 3,000. Mai irin wannan takarda, ko sau nawa aka buge shi a shekara, kuɗinsa na nan yadda hukuma ta yanka. Damuwarsa wata ce dabam, watau wa zai gyara masa tasa motar.

Ta biyun ita ce babba, cikakkiyar inshora, wadda ke ɗaukar motarka da ta wanda ka buge, har da gobara da sata. Ita ce ma'aikata da 'yan kasuwa ke yanka wa mota mai daraja, ita ce kuma banki ke tilasta wa duk wanda ya sayi mota da rance. Maganarmu ta yau a kanta ta ke.

Kuɗin babbar inshora abu uku ke haɗa shi. Da farko a ƙiyasta darajar mota. Sa'an nan a ɗauki wani kaso na wannan daraja a ce shi ne farashi. Daga nan a cire rangwame. Rangwamen da ya fi kowanne tsoka shi ne na rashin neman diyya, watau tukuicin da a ke yi wa wanda ya shekara bai ɗora wa kamfani nauyin kome ba. A tsohon ma'aunin da kamfanonin ƙasar nan suka daɗe suna bi, motar gida ta kan fara da kashi 20 bisa ɗari bayan shekara ɗaya, ya yi ta hawa har ya kai kashi 50 bayan shekara biyar. A lura da sunansa da kyau. Ba a ce rangwamen rashin laifi ba, cewa aka yi na rashin neman diyya. Cikin wannan 'yar tazara dukan rigimar ta ke kwance.

Ga misali, lissafi ne kawai na kwatance, ba na wani kamfani ba. A ce motarka ta naira miliyan 8 ce, farashin kamfani kuma kashi 10 bisa ɗari, watau naira 800,000. Ka yi shekara huɗu lami lafiya, ana rage maka kashi 40, kana biyan 480,000, baɗi kuma kana sa ran 400,000. Rannan wani mai bas ya murƙushe maka bamba da fitilun baya, mai gyara ya yanka 350,000. Kamfani ya cire kason da sharaɗi ya ce kai za ka fara biya daga aljihunka, a ce 50,000, ya ba da 300,000. Mai bas ya ɓace. In sharaɗin takardarka ya ce neman diyya na shafe rangwame gaba ɗaya, to baɗi 800,000 za ka biya maimakon 400,000. Shekara mai bi mata 640,000, sa'an nan 600,000, haka haka har ka sāke hawa inda ka faɗo. In ka tara bambancin na shekara biyar, ya haura naira miliyan ɗaya. Ka karɓi dubu ɗari uku, ka mayar da miliyan guda da 'yan kai, kan ɓarnar da wani ya yi. Waɗansu kamfanoni ba su kan shafe rangwamen duka ba, mataki ɗaya ko biyu su ke mai da mutum baya. Waɗansu kuma, saboda gasar neman masu ciniki, tun farko su kan yanka farashi can ƙasa ba tare da sun ambaci rangwame ba. Game da su akwai abin lura: umurnin nan na hukuma da ya soma aiki a 2023 ya ce kada kuɗin babbar inshora ya gaza kashi 5 bisa ɗari na darajar mota bayan an cire kowane irin rangwame. Wanda ke biyan kashi 5 ke nan ya riga ya taɓa ƙasa, ba sauran ragi, sai dai ƙari.

To, yaya kuɗin kamfani ke dawowa? Akwai wata ƙa'ida tsohuwa a dokar inshora, wadda muka gada daga Ingila. Da zarar kamfani ya biya ka asararka, sai ya tsaya a madadinka, duk wani haƙƙi da ka ke da shi na bin wanda ya yi maka ɓarna ya koma hannunsa. Shari'ar da lauyoyi kan ambata a kan wannan ita ce ta Castellain da Preston, wadda aka yanke a 1883. Wani gida ne a Libaful aka yi cinikinsa, kafin a gama biya gobara ta taɓa shi. Masu gida suka karɓi fam 330 daga kamfanin inshora, daga baya kuma mai saye ya biya su kuɗin gida cif ba ragi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce su mayar wa kamfani kuɗinsa, domin inshora mayar da asara ce, ba hanyar cin riba ba ce. Daga wannan tushe abu biyu suka fito da suka shafi mai mota. Ba ka da ikon karɓa hannu biyu, wurin kamfani da wurin wanda ya buge ka. Ba ka kuma da ikon toshe wa kamfani hanyar bin kuɗinsa.

Nan ne fa al'adarmu ta kan yi karo da takarda. Kowa ya san abin da ke faruwa in an yi karo a kan titi, ko a Ojota ne ko a hanyar Apapa ko a gadar Anacha. Kafin ka fito ka duba ɓarna, jama'a sun taru. Direban da ya buge ka ya durƙusa, ya kama ƙafa, ya ce motar ba tasa ba ce, yau kwana uku bai kai wa mai ita balas ba. Wani dattijo da ba ka taɓa gani ba ya dafa kafaɗarka ya ce, Alhaji a yi haƙuri, tsautsayi ne, tun da ba a yi asarar rai ba ai sai godiya. Masu motocin baya suna ta matsa ham. Wani kuma ya ce, ai babbar inshora gare shi, kamfani ne zai biya, a bar yaro ya tafi. Kai kuma kunya ta kama ka, ka ce je ka, Allah ya kiyaye gaba. Ba ka ɗauki lambar mota ba, ba ka ga lasinsa ba, balle takardar inshorarsa. Gobe ka doshi ofishin kamfani da hoton bamba.

Ni ba na cikin masu cewa a daina yafiya. Mutumin da ya dubi talakan direba ya ga ko an sayar da shi ba zai iya biyan fitila ɗaya ba, ya ce ya yafe, ya yi abin kirki, ba mai ƙwace masa wannan. Abin da na ke cewa shi ne, a san abin da a ke yafewa, a kuma san na wane ne. In ka yafe ka je ka gyara da kuɗinka, ka yi kyauta da abinka. In kuwa ka yafe sa'an nan ka kai wa kamfani takardar gyara, to ka yi kyauta da kayan wani ne, domin haƙƙin bin direban nan ya tashi daga hannunka ran da ka nemi diyya. Kusan kowace takardar inshorar mota tana ɗauke da sharaɗin cewa kada mai ita ya amsa laifi, ko ya yi alkawari, ko ya yi sulhu da kowa sai da yardar kamfani a rubuce. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a rubuta hatsarin a kanka, rangwame ya tafi. In kuwa har ka sa hannu a wata takarda a ofishin 'yan sanda cewa ka janye, ba ka bin kowa kome, kamfani na iya tsayawa a kan wannan ya ƙi biya, ko ya nemi ka mayar da abin da ya biya. Mai cewa "ai kamfani ne zai biya" ya faɗi gaskiyar bana ce kawai, bai faɗi ta baɗi ba.

Akwai kuma inda mai mota ya yi duk abin da ya kamata, amma abin ya ƙi. Ya karɓi takardar wancan direba, aka bincika, sai ta zama ta jabu, irin wadda 'yan cuwa-cuwa ke haɗa wa mutane a bakin ofishin lasin, da sunan kamfanin da ba shi a duniya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa ta sha faɗa cewa motocin da ke da inshora ta gaskiya ba su kai rabin waɗanda ke bisa titi ba. Shi ya sa ta kafa rumbun ajiyar bayanai da a ke kira NIID, inda kowa zai iya sa lambar mota ta wayarsa ya ga ko takardarta ta ƙwarai ce, tun ana tsaye a wurin kafin taro ya watse. 'Yan sanda kuma sun soma kamen marasa inshora gadan-gadan tun ran 1 ga Fabrairu 2025. Mutane da yawa sun ɗauki kamen nan wata sabuwar hanyar tatsa ce, ba kuwa za a ce ba su da hujjar zato ba. Amma mai babbar inshora ya fi kowa cin moriyarsa in an yi shi tsakani da Allah, gama kowace mota da aka tilasta wa yankar takarda ta gaskiya, ƙofa ce aka buɗe da kamfaninsa zai ƙwanƙwasa ran da ta buge shi. Ko da takardar ta gaskiya ce ma, a tuna da iyakar nan ta miliyan 3. Motar da gyaranta ya ci miliyan 7, ragowar miliyan 4 sai an bi mai motar da kansa, bin da kan ƙare a kotu, kotu kuwa ba ta san gaggawa ba.

Yanzu sai mu leƙa Ingila, domin can ne wannan tsari ya fi tsufa, can ne kuma za mu ga inda namu ya dosa. A can an wajabta inshorar mota tun 1930. A 1946 kamfanoni suka kafa wani ofishi da su ke zuba wa kuɗi, wanda ke biyan mutanen da marasa inshora suka buge, ko waɗanda aka buge aka gudu. Duk da wannan gata, kukan da Bature ke yi ya ma fi namu ɗaci. An buge shi, kamfaninsa ya karɓo kuɗinsa har kwabon ƙarshe, an bar masa rangwamensa cif, amma ran sabuntawa sai ya ga kuɗi ya hau. Yaya aka yi? Ba a taɓa rangwame ba, ainihin farashin aka ɗaga. Kashi 60 da aka cire daga fam 1,000 da kashi 60 da aka cire daga fam 1,200 ai ba ɗaya ba ne. Har waɗanda ke biyan ƙarin kuɗi don a kare musu rangwame ba su tsira ba, don rangwamen aka yi alkawarin karewa, ba farashin ba.

Kamfanonin can ba su ɓoye hujjarsu. Sun ce lissafinsu ya nuna wanda hatsari ya taɓa rutsawa da shi, ko ba laifinsa, ya fi wanda bai taɓa ba yiwuwar neman diyya nan gaba. Wataƙila unguwar da ya ke kwana da mota matsattsiya ce, wataƙila hanyar da ya ke bi wurin aiki mai cunkoso ce, wataƙila shi mai taka birki ne ba zato. Ba kuma yadda mutum zai ɓoye, domin tun 1994 suna da rumbu guda da dukansu ke zuba labarin kowane hatsari, a ajiye shi shekara shida, har wanda aka sanar kawai ba a nemi ko kwabo ba. In ka sauya kamfani, tambayar farko ita ce ko wani hatsari ya same ka cikin shekara uku ko biyar da suka wuce, da laifinka ko babu.

Hujjar tana da kamar gaskiya, amma ni ba ta gamsar da ni ba. Unguwar mutum da nisan tafiyarsa da irin aikinsa duk an tambaye shi tun ran farko, an kuwa sa su cikin farashi. In an dawo an ƙara masa don abin da aka riga aka hango ya auku, an caje shi sau biyu ke nan kan abu ɗaya. Bugu da ƙari, lissafin taro ba ya zama shaida a kan mutum guda. Malamin makarantar da wani mashayi ya hau kan motarsa tana ajiye a ƙofar gida, wane darasi a ke so ya koya daga ƙarin kuɗi? Ya daina ajiye mota? Asalin rangwame da ƙari shi ne a ja hankalin direba ga abin da ke hannunsa. In an ɗora su kan abin da ba ya hannunsa, sun tashi daga horo sun koma haraji.

Ba kuwa ni kaɗai ke ganin haka ba. A Faransa doka ce ta tsara ma'aunin, ba a bar wa kamfani ba. Kowace shekarar da ba ka jawo hatsari ba a rage maka kashi 5 bisa ɗari, har ka kai rabin kuɗi bayan shekara 13. In ka jawo hatsari a ƙara kashi 25, in laifin na raba-daidai ne a ƙara 12.5. Hatsarin da ba ka da hannu a ciki ba ya motsa ma'aunin ko kaɗan, ko da ya ke kamfani na da sauran iko a kan ainihin farashinsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka jama'a ne da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 1988 suka ɗaure hannun kamfanoni, ƙa'idar can kuwa ita ce ba a ɗaukar direba mai laifi sai alhakinsa ya kai kashi 51 bisa ɗari. Ashe dai abin ba saukakke ba ne daga sama, mutane ne ke tsara shi, mutane ne kuwa ke iya gyara shi.

Da hukumarmu za ta ji shawara, abu biyu zan roƙa, ba kuwa masu tsada ba ne. Na ɗaya, a wajabta wa kowane kamfani ya rubuta kuɗin bara kusa da na bana a takardar sabuntawa, kamar yadda aka wajabta a Ingila tun 2017, a kuma nuna daraja da farashi da rangwame kowanne a layinsa. Na biyu, a sa ƙa'ida cewa duk ran da kamfani ya karɓo kuɗinsa daga mai laifi, ya mayar wa mai mota rangwamensa da rarar da ya biya, ba sai ya yi ta sintiri ba. Tun da hukuma ta iya yanka wa kamfanoni ƙasan da ba za su sauka ba don kada gasa ta karya su, ba ta rasa ikon yi wa mai mota irin wannan katanga.

Kafin a kai can, mai mota shi ne lauyan kansa. A wurin hatsari, kome roƙon da a ke yi maka, ɗauki hoton motocin biyu yadda su ke kafin a gusar da su, da lambar wancan, da lasinsa, da takardarsa, da lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka gani. Ka iya yin duk wannan cikin fara'a, ba sai an ɗaga murya ba. A samu rahoton 'yan sanda, musamman in an ji rauni ko ɓarnar mai yawa ce. Daga nan ka sanar da kamfaninka cikin kwanakin da takardarka ta ƙayyade, ko da ba ka da niyyar neman kome, ka kuma rubuta ƙarara cewa sanarwa ce kawai. Sa'an nan ka zauna ka yi lissafi irin wanda muka yi a sama. In takardar wancan ta gaskiya ce, ɓarnar kuma ba ta wuce iyaka ba, kana da damar ka nemi diyya kai tsaye daga kamfaninsa ba tare da ka taɓa naka ba. Hanyar ta fi jinkiri, gama kai ba mai cinikinsu ba ne, ba sa ɗokin ganinka, amma rangwamenka na nan, ba kuwa za a cire maka kason nan na aljihu ba. Mai amfani da mota kullum, wanda ba zai iya jira ba, shi ne zai bi ta kamfaninsa, amma ya miƙa musu dukan abin da za su bi kuɗinsu da shi, har ya roƙe su su haɗa da nasa kason cikin abin da za su nema.

Sau da yawa lokacin sabuntawa ya kan zo alhali kamfanonin biyu ba su gama daidaitawa ba. A nan kamfani ya kan riƙe rangwame tukuna. Kada ka yarda da "za mu duba" ta baka. Nemi wasiƙa mai cewa an dakatar ne, za a mayar in kuɗi sun shigo, ka kuma riƙa tuntuɓa, gama fayil ɗin da ba mai tambayarsa ƙura ya ke sha. In ka ga za ka sauya kamfani, karɓi takardar shaidar shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, sabon kamfani ya kan duba ta. Amma kada ka ɓoye musu hatsarin don neman sauƙi. Inshora ciniki ne da aka gina kan faɗin gaskiya, ƙaryar da aka yi ran yanka takarda kuwa ran babbar asara a ke tono ta, lokacin da mota ta ƙone ko aka sace ta. In an ƙi sauraronka, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi, kuma wanda ya yanki takardarsa ta hannun dillali mai rajista, wannan ɗawainiya aikin dillalin ne, don ita ya ke cin la'ada.

Wani hanzari kuma, don kada mu ɗora wa hatsari laifin da ba nasa ba. Tun da aka saki naira cikin watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, darajar motoci da kuɗin kayan gyara suka bi ta. Motar da aka rubuta miliyan 8 kafin lokacin, in aka sāke ƙiyasta ta aka ce miliyan 15, kuɗin inshorarta zai kusan ninkawa ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Saboda haka in ka ga ƙari, tambayi akawu wanne ne ya motsa cikin ukun nan, daraja ko farashi ko rangwame. In daraja ce, ba ka da ta cewa, gara ma haka da a rubuta mota ƙasa da kuɗinta, ran asara a biya ka abin da ba zai sayi rabinta ba. In farashi ne ko rangwame, to a nan ne akwai magana.

Masu takaful, watau inshorar taimakekeniya wadda hukuma ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kada su ɗauka abin bai shafe su ba. A can in shekara ta ƙare aka sami rara a asusu, a kan raba ta ne ga waɗanda ba su nemi diyya ba. Wanda aka buge, aka gyara masa daga asusu, ya fita daga rabon wannan shekara ke nan bisa zahirin sharaɗi. Abin da zai tambaya tun ran shiga shi ne, in an karɓo kuɗin daga mai laifi aka mayar cikin asusu, za a mai da sunansa cikin masu rabo, ko kuwa an wuce wurin? A ba shi amsar a rubuce.